Matakala Sittin da Huɗu

Litinin ɗin da na koma,
Teodoro ya leƙo daga bayan mota
yana dubana kamar mai neman wani a cikin taro.
Ya ce, "Anselmo, ina ka baro sauranka?"
Na ce, "Yana wurin likita Benedita, je ka karɓo."
Muka yi dariya. Tasa ta fi tawa tsawo.

Shekara goma sha tara ina kwasar kayan mutane
daga gida zuwa gida a Porto,
garin da aka gina a tsaye,
inda kowane lungu hawa ne,
kowace tsohuwa kuma tana can ƙololuwar bene
da kabad ɗin da kakanta ya bari.
Tumbina ne abokin aikina na farko.
A kansa nake ɗora firji in huta,
da shi nake tokare kaya a kwanar matakala.
In na jingina da abu, abin ne ke matsawa.

Shi ne kuma ya hana ni barci sai a zaune,
ya cinye gwiwoyina, ya zuba mini sukari a jini,
har ranar da na durƙusa ɗaura takalmi
na kasa tashi,
'yata Graciete tana bakin ƙofa da jakar makaranta.

Aka yanke cikin, aka bar mini abin da bai fi ayaba ba.
Mako takwas, in ji likita, kada ka ɗaga ko galan ɗin ruwa.
Ni da nake sauko da injin wanki ni kaɗai,
na zauna ina kallon matata tana jan buhun dankali.
Wata uku. Kilo ashirin da bakwai suka tafi ba sallama.

Yau ga fiyano, ga matakala sittin da huɗu.
Na rataya igiya a kafaɗa, ta zame,
ba ta tarar da naman da ta sani ba.
Na turo ciki gaba kamar kullum,
sai iska.
Katako ya bugi ƙashi.
Ashe ina da ƙashi a wurin.

A ta ashirin duhu ya rufe mini ido,
kunnuwa suka ɗauki kuka.
Na ce, "A dakata."
Ban taɓa jin kalmar nan a bakina ba.
Sabon yaronmu, Fausto, ya sa kafaɗa bai dube ni ba,
kuma rashin kallon nan na fi gode masa.

Muka jingine fiyano a tsakiyar hanya.
Suka buɗe burodi da kifin gwangwani, ƙamshi ya cika bene.
Ni rabin ƙwai, sai cuku cokali biyu,
ina tauna kamar mai ƙirga bashi.
Ruwa sai bayan rabin awa, kurɓi-kurɓi kamar tsuntsu,
in na kwankwaɗa, hanyar da ya bi zai dawo.

Kiɗa ya canza, sai na sake rawa.
Na lanƙwasa gwiwa, na bar baya a miƙe,
na roƙi cinyoyi abin da dā nake karɓa a wurin tumbi.
Suka bayar kaɗan, suna rawa, amma sun bayar.
Arba'in. Hamsin da biyar.
Teodoro yana zagin kakan mai fiyano.

A sama, inda na saba zubewa ina haki,
hannu a gwiwa, ido a ƙasa,
sai na ga ina tsaye.
Ga taga, ga kogin Douro shimfiɗe a ƙasa,
da wani ɗan jirgi yana ratsa shi.
Sau nawa na hau gidajen unguwar nan?
Dabensu kawai na sani.

Da dare na ɗauki ƙusa na yi wa bel sabuwar huda.
Kafaɗa ta kumbura, ƙugu ya yi shuɗi.
Gobe kabad ne, bene na huɗu.
Na ce wa Fausto ya zo da wuri.